Tulin sharar Cominak: rufewa da laka magani ne ko rufa-ido?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, naga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai sai yau na samu zama. Bari in maimaita abinda ka tambaya don masu karantawa su san inda muka dosa. Kace yayanka yayi shekara ashirin da wani abu yana aiki a Cominak, kamfanin haƙar yuraniyom da ke Akokan kusa da Arlit a Nijar, an rufe kamfanin amma shi da iyalinsa suna nan Akokan basu tashi ba, kuma an gaya musu wai wancan tulin sharar da ke gefen gari mai "ƙaramin ƙarfi" ce, za'a lulluɓe ta da laka da duwatsu shikenan magana ta ƙare. Kai kuma hankalinka bai kwanta ba, kana cewa me zai hana a kwashe ta a kai musu Faransa tunda su suka sha wutar lantarkin da aka samar da yuraniyom ɗin, ko a banka mata wuta kowa ya huta, sannan ita wannan rufewar gaskiya ce ko rufa-ido.

Ni dai aikina kenan, kariya daga radiyeshin, wato abinda 'yan jarida ke cewa tururin nukiliya, nafi daɗewa a ɓangaren asibiti amma mun sha fita da na'ura muna awon ƙasa da gidaje musamman wajen tsoffin ramukan kuza na Filato. Toh a taƙaice, rufewar ba yaudara bace, haka akeyi a Amurka da Kanada da ita kanta Faransa. Sai dai ita ce ɓangare mafi sauƙi a cikin aikin, katafila da tifa ne kawai da kuɗi. Inda gizo ke saƙar shine sharar da ta riga ta bar tulin ta shiga gari, cikin bango da titi da tukunya, sai kuma wa zai cigaba da kula da wurin bayan duk mu masu wannan maganar mun kwanta dama. In aka rufe tuli aka bar waɗannan biyun, wallahi kitso akayi da ƙwarƙwata.

Mu fara da kalmar nan ta ƙaramin ƙarfi, don ita ke ruɗa mutane. Ba ƙarya sukayi ba. In ka ɗebo buhu guda na wannan ƙasar ka ajiye gabanka ba zaka ƙone ba, ba zaka yi amai ba, ba abinda zaka ji, ba kamar tsohon makamashin da ake cirowa daga tashar nukiliya ba wanda in ka tsaya kusa dashi ba kariya mintuna kaɗan sun isa su kai ka lahira. Amma kalmar tana maganar zafin abin ne a kowane kilo, ko kaɗan bata ce komai akan tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya huce ba. Kowane sinadari mai radiyeshin yana da nasa wa'adin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi, mu a aji rabin-rai muke ce masa. A asibiti maganin da muke yiwa mutum allura don ɗaukar hoton ƙashi, teknishiyom, awa 6 ne nasa, ayodin ɗin da ake baiwa masu ciwon maƙoƙo kwana 8. Saboda haka sirinji da safar hannu da auduga sai mu zuba a duro mu rubuta kwanan wata mu kulle a sito, in yayi rabin-rai sau goma abinda ya rage kusan kashi ɗaya cikin dubu ne, a auna a tabbatar sannan a haɗa da sauran sharar asibiti. Wannan ma sunanta mai ƙaramin ƙarfi. Siziyom 137 da ke cikin sharar tashoshin nukiliya shekara 30 ne, sau goma kaga 300 kenan, shi yasa ma'ajiyar Faransa da ke Aube wadda aka buɗe 1992 aka tsara za'a yi gadinta shekara 300. Toh abinda ke cikin tulin Akokan fa? Radiyom 226, shekara 1600. Uwar da ke haifarsa kuma, toriyom 230, shekara 75,000. Kaga suna ɗaya amma ba tafiyarsu ɗaya ba, waccan ta asibiti haƙurin wata uku ke maganinta, wannan kuwa a lissafin ɗan Adam ba ranar hucewarta.

Ga yadda akayi ta taru. Daga 1978 da aka fara fitar da kaya har ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe, Cominak ta samar da yuraniyom wajen tan 75,000 daga ramin Akouta mai zurfin mita 250. A kowane tan ɗaya na dutse abinda ake samu bai wuce kilo 4 ba, sauran duk dusa ce. A niƙe dutsen ya koma gari, a jiƙa shi da asid irin na ruwan batir, a tsame yuraniyom ɗin, a zubar da sauran. Wannan sauran shine tan miliyan 20 da ke jibge a fili mai faɗin eka 120 irin ta faransanci, wato hekta. Kuma abinda mutane da yawa basu sani ba, cire yuraniyom baya cire radiyeshin, kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari yana nan cikin dusar saboda 'ya'ya da jikokin yuraniyom ɗin, irin su toriyom da radiyom ɗin nan, ba wanda ke sayensu, an bar su nan. Da can suna kulle cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa, yanzu an niƙe su lukui an shanya a sarari a garin da iska bata hutawa.

Maganar ƙonawa mu gama da ita da wuri. Wuta bata taɓa shi, ko a maƙera ka saka radiyom ka hura zugazugi kwana bakwai radiyom zai fito, abinda kawai ka ƙara shine hayaƙi da toka da zasu bi iska. Inda ake ƙona shara irin wannan, tsummoki ne da takardu da safar hannu don a rage yawansu, tokar kuma a dama ta da siminti a zuba a duro, ita ma ajiya za'a kaita.

Kwashewa zuwa Faransa kuwa, na fahimci zafin zuciyar da ke cikin maganar kuma ban ga laifinka ba. Amma ɗauki biro. Tan miliyan 20, in kowace tifa tana ɗaukar tan 30, sawu sama da 660,000 kenan, ta hanyar Arlit zuwa Agadas zuwa Tawa har bakin teku kusan kilomita 2000, kai kasan halin da hanyar take ciki, kowace mota tana tada ƙura a kowane ƙauye, wata ta faɗi wata ta lalace a tasha ta kwana uku yara suna wasa a ƙarƙashinta. Gudun gara kenan a faɗa gidan zago. A Amurka akwai wani gari Moab, tulinsu tan miliyan 16 ne, dole tasa suka kwashe don yana bakin kogin Kolorado da miliyoyin mutane ke sha, tafiyar kilomita 50 ce kacal a jirgin ƙasa, sun fara 2009 kuma sun haura shekara 15 suna abu ɗaya. Su kansu Faransawa suna da irin wannan dusar wajen tan miliyan 50 a wurare 17 cikin ƙasarsu daga ma'adinansu da suka rufe na ƙarshe a 2001, basu kaita ko'ina ba, a inda take suka rufe. Don haka abinda ya kamata ya taso daga Faransa ya zo Akokan kuɗi ne da alhaki na dogon lokaci, ita ƙasar dai nan zata zauna.

Yanzu me lakar take yi. Radiyom kullum yana fitar da wata iska sunanta radon, ba wari ba launi, kuma hukumar lafiya ta duniya ta sa ta a matsayi na biyu bayan sigari wajen kawo kansar huhu. Sa'ar da akayi rabin-ranta kwana 3.8 ne kawai. Toh in ka shimfiɗa laka mai kauri ka daddanne ta, iskar sai ta ɗau makonni tana laluben hanyar fita, kafin ta iso sama yawancinta ta mutu a hanya. Dabarar kenan, ba wani sihiri. Ƙari akan haka rufin yana hana iska kwasar ƙura, yana tare hasken gama, wani nau'in radiyeshin da ke ratsowa, yana rage ruwan sama da zai nutse ciki. Tsarin da Orano, kamfanin Faransa mai kaso mafi girma a Cominak, ta sanar shine rufi mai kaurin mita 2 na laka da dutse, aikin wajen shekara goma, kuɗinsa sefa biliyan 95, sannan a sa ido na wasu shekaru bayan an gama. A takarda mita 2 ba laifi. Amma laka tafi riƙe radon in da ɗan danshi a jikinta, in ta bushe ƙayau sai ta tsattsage kamar bakin tafki a watan bazara, kuma kai ka fini sanin ranar Arlit. Ga ruwan can ba yawa amma ranar da ya ga dama ya sauko sai ƙorama ta ɓalle ta yanki ƙasa kamar da wuƙa. Shi yasa dutsen da ke sama da gangaren gefe da magudanan ruwa suke da muhimmanci kamar ita lakar, kuma shi yasa dole duk bayan damina wani ya hau ya duba ya cike inda ya zaizaye.

Ai ku 'yan Agadas ba sai an koya muku wannan ba. Hasumiyar babban masallacinku da ƙasa aka gina ta tun wajen 1515, an sake ta 1844, tana nan tsaye mita 27, me ya riƙe ta? Yaɓe. Ana hawa kan itatuwan nan da suka fito a jikinta ana gyarawa saboda akwai masu ita. Ka zo Kano kuma ka ga badala, ita ma ƙasa ce, tafi hasumiyar kauri nesa ba kusa ba, amma wurare da yawa ta zama labari, kuma ba ruwan sama kaɗai ya cinye ta ba, mutane ne, wannan ya ɗebi ƙasar gini wancan ya yanki fili. Dokar Amurka cewa tayi rufin irin wannan tuli a tsara shi ya kai shekara 1000, in ya gagara kada ya gaza 200. Shekara 200 baya fa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ke kan gado a Sakkwato. Sa ido na shekara biyar ko goma ko ashirin a gefen wannan lissafin kamar ka yi gadin rumbu daren farko ne ka tafi abinka.

Sai abinda rufi daga sama baya magani, wato ƙasan tulin. Ma'ajiya ta zamani daga ƙasa ake fara ta, a daddaɓe laka, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri a liƙe bakinta da zafi, a sa tsakuwa da bututu masu tara duk ruwan da ya tsatso a tura shi injin tacewa, sannan a fara zuba shara. Tulin da aka fara tun shekarun 1970 ba wanda zai ɗaga shi ya shimfiɗa masa leda yanzu. Ruwan da Arlit da Akokan ke sha kuma na ƙarƙashin ƙasa ne, tsohon ruwa da ya taru tun zamanin da Sahara ke da ciyawa, irin na shimfiɗar Tarat, in ya ɓaci ba damina da zata wanke shi. Lokacin da 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace suka je a Nuwamban 2009 da haɗin gwiwar ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa, sun ce cikin samfurin ruwa biyar da suka ɗiba huɗu sun haura ma'aunin yuraniyom na hukumar lafiya ta duniya, kamfanin kuma a lokacin ya musanta cewa akwai haɗari ga jama'a. Ni a ganina maganin wannan jayayyar ɗaya ne, rijiyoyin awo kewaye da tulin, a riƙa ɗiba duk wata uku, wanda ba ma'aikacin kamfani ba ya auna, a manna sakamakon a ofishin magajin gari da Hausa da Tamashek kowa ya gani. Ma'aunin yanzu maikrogiram 30 ne a lita. In ruwan gurɓatacce ya fara tafiya sai a tsotse shi da famfo kafin ya kai rijiyar sha, kuma famfo yana son wuta da mai gyara, kaga mun sake dawowa kan wa zai biya.

Toh bari in zo inda nafi damuwa. Sharar mai tsananin ƙarfi ba wanda ke ɗauka ya kai gida, akwai soja a ƙofa. Ita mai ƙaramin ƙarfin nan ita ce kamar yashi, kamar tsakuwa, kamar bututun ƙarfe mai kyau da aka yar, kuma kyauta ce. Akwai ranar da muka shiga wani gida a wani ƙauye wajen Filato, na'urata na rataye a kafaɗa ban ma fara aiki ba sai naji ƙararta ta canza, tana ƙas-ƙas-ƙas da sauri, na matsa jikin bangon ɗakin kwana ta ƙara. Ashe da baƙin yashin da ake zubarwa bayan an wanke kuza akayi filasta, shi kuma yana ɗauke da wani ma'adini, monazait, mai toriyom. Dattijon mai gidan, mutumin kirki, har ruwa ya kawo mana, yace min yaro ai duk yankin nan ba yashin da ya kai wannan kama siminti, shekara talatin ko tsaga bangon baiyi ba. Gaskiyarsa kuwa. Na rasa ta inda zan fara masa bayani, don ba abinda yake gani, ba abinda ke masa ciwo, ni kuma nazo da wani akwati mai ƙara ina neman ince ɗakinsa da matsala.

Kuma kar kace wannan jahilcin mutanenmu ne. A Grand Junction ta jihar Kolorado, daga shekarun 1950 zuwa 1966 kamfani barin 'yan kwangila yayi suna ɗibar dusar yuraniyom kyauta, wajen tan 300,000 ta shiga ƙarƙashin gidaje da makarantu da coci-coci, daga baya saida gwamnati tayi doka a 1978 aka bi wurare sama da 4000 ana fasa daɓe ana kwashewa, har yau sun bar ɓangare ɗaya na ma'ajiyar a buɗe saboda duk sanda aka tona titi ana iya cin karo da saura. A Faransa a 2014 an tashi wasu iyali daga gidansu a Bessines bayan an gano an gina shi kan irin wannan dusar, radon ya cika ɗakuna, kuma matar gidan rainon yaran mutane take yi a ciki. A Munana ta Gabon inda aka haƙi yuraniyom daga 1961 zuwa 1999 saida aka sake gina gidaje sama da 100. A nan Akokan ɗin ma, CRIIRAD tun 2003 suka samu ƙarafa masu radiyeshin ana saidawa a kasuwar Arlit, a 2009 kuma aka samu wani wuri a kan titi da awonsa ya ninka na ƙasa lafiyayya kusan sau 500 saboda an yi ciko da duwatsun rami, bayan surutu yayi yawa kamfanin ya bi tituna da na'ura ya kwashe wasu wuraren. Almustafa Alhasan da ƙungiyarsu ta kare muhalli a Arlit, Aghirin'man, sun daɗe suna wannan kukan.

In kana son kaga yadda cikakken aikin yake da tsadarsa, dubi Port Hope a Kanada, ƙaramin gari a bakin tafkin Ontariyo. Kamfanin Eldorado ya fara tace radiyom a can a 1933, daga baya yuraniyom, sharar ta bazu cikin gari a matsayin ƙasar ciko, har cikin tashar jiragen ruwa. Sai tsakiyar shekarun 1970 aka farga bayan an samu radon yayi yawa a wata firamare. Akayi kwasar farko, aka shekara ashirin ana neman garin da zai karɓi sauran ba wanda ya yarda, ƙarshe mutanen garin suka ce toh a gina ma'ajiyar a nan wajenmu, aka sa hannu 2001, a 2012 gwamnatin tarayya ta ware dalar Kanada biliyan 1.28 kuma kuɗin bai isa ba. Abinda za'a kwashe a Port Hope kaɗai wajen kubik mita miliyan 1.2 ne, amma gina tudun ajiyar bai basu wahala ba kamar bin gidaje da filaye kusan 5000 ɗaya bayan ɗaya, a auna tsakar gida, a huda ƙasa a ɗebi samfur, a ajiye gwangwanin awon radon a ɗaki, in an samu a yi yarjejeniya da mai gida a tone a mayar masa da sabuwar ƙasa. Har rigima akayi don wasu sun ce ba za'a sare musu tsoffin bishiyoyi akan ɗan abinda bai taka kara ya karya ba, kuma wani lokacin suna da gaskiya, ba kowane ɗigo ne ya cancanci a rushe gida akansa ba. Wannan fa ƙasa ce mai kuɗi da takardun filaye a jere, shekara 90 da fara zubarwa basu gama ba.

Wani zai ce a mayar da ita cikin ramin da aka haƙo ta mana. Ana yin hakan a wasu wuraren kuma in ƙasar wurin ta dace dabara ce mai kyau, amma dutse in an niƙe shi kumbura yake baya komawa inda ya fito duka, sannan rami in an daina tsotse ruwa cika yake. Jamusawa sun zuba duro wajen 126,000 na sharar nukiliya a tsohon ramin gishiri na Asse daga 1967 zuwa 1978 da sunan an rabu da Bukar, a 1988 ruwa ya fara shiga, a 2013 majalisarsu tayi doka a fito dasu gaba ɗaya, aikin da zai ci biliyoyin yuro. Ni shi yasa nafi son abinda ido ke gani ana iya hawa a gyara.

Kar kuma in tsorata ku fiye da kima. Kowane ɗan Adam yana samun wajen milisibat 2.4 (ma'aunin radiyeshin da jiki ya ɗauka kenan) a shekara daga ƙasa da sama da abinci, haka Allah ya halicci duniyar. Ƙa'ida ita ce kada wani aiki ya ƙara wa mutumin gari fiye da milisibat 1 a shekara, ma'aikaci kuma 20. Wanda ya haura 1 ba faɗuwa zaiyi ba, ƙarin yiwuwar kamuwa da cutar kansa ne kaɗan bayan shekaru masu yawa, kuma ba kowane tari ko hawan jini a Akokan ne za'a ɗora wa yuraniyom ba. Amma dubi yadda ƙaramin abu ke taruwa, misali ne nake baka: bangon da ke ƙara rabin maikrosibat a awa (maikrosibat dubu ne milisibat ɗaya), kana kwana awa 8 a jikinsa, a shekara ya baka kusan milisibat ɗaya da rabi, ka haura ƙa'ida kana barci. Wucewa ta gefen tuli a kan babur sau ɗaya a sati bai kai wannan ba ko kusa. Shi yasa nake ta nanata ɗakin kwana da ruwan sha.

Abinda zaka gaya wa yaya, duk wani ƙarfe ko bututu ko duro ko ƙyallen tacewa da aka san daga masana'antar ya fito kar a ajiye ruwa ko hatsi a ciki, kar a ƙera tukunya dashi, kar ayi rufin ɗaki, musamman bututun da ke da wani busasshen dattin da ya kama cikinsa kamar kanwa don nan radiyom ke taruwa, kuma kar a kankare shi, ƙurar tafi ƙarfen illa. In ya san an taɓa ciko ko daɓe a gidan da ƙasar wajen rami, ya nemi a zo a auna, a Nijar hukumar ARSN ce ke da alhakin wannan, mu a Najeriya NNRA. Awon radon na gaskiya wata uku ake barin gwangwanin a ɗaki, wanda ya shigo da na'ura yayi minti biyar ya fita yace lafiya lau, hasken gama kaɗai ya auna. A riƙa buɗe taga, na san da hunturu da ƙura abin da wuya. In yana shan sigari ya bari don Allah, radon da sigari in suka haɗu a huhu ɗaya ba tarawa suke ba ninkawa suke. Sannan ya nemi takardar adadin radiyeshin da ya ɗauka tsawon aikinsa, duk ma'aikacin rami akwai wannan lissafin a fayil ɗinsa, ya riƙe ta kamar takardar gida, ya kuma riƙa zuwa duban da OSRA, cibiyar sa ido kan lafiya ta yankin Agadas, ke yiwa tsoffin ma'aikata in har ana yinsa.

Su kuma 'yan gwangwan da 'yan jari-bola, namu na Kano da Zariya da Maraɗi, nasu haɗarin daban ne kuma yafi gaggawa. A Goyaniya ta Brazil a 1987 wasu mutum biyu suka ciro kan wata tsohuwar na'urar gasa cutar kansa daga asibitin da aka yi watsi dashi suka saida wa mai gwangwan, aka fasa aka ga gari mai shuɗin haske aka rarraba wa 'yan'uwa. Garin bai kai giram 100 ba. Mutum 4 suka mutu harda yarinya 'yar shekara 6, aka auna mutum 112,000, aka rushe gidaje, sharar da aka tara ta kai kubik mita 3500 tana nan ajiye cikin kankare har yau. Duk ƙaramin ƙarfen da yayi nauyin da ya wuce girmansa, ga alamar nan mai kamar farfela mai fuka-fuki uku, kar a sa masa guduma, a matsa nesa a kira hukuma.

Abinda ke hana ni barci akan Akokan yanzu ba kaurin laka bane, siyasa ce. Tun juyin mulkin Yulin 2023 tsakanin Yamai da Orano ba daɗi, a Disamban 2024 kamfanin yace Somair, ɗaya ma'adinar yuraniyom ta Arlit, ta fita daga hannunsa, a Yunin 2025 gwamnati ta sanar ta mayar da ita mallakin ƙasa, ana ta shari'a. Ni ba ruwana da wa ke da gaskiya akan yuraniyom ɗin da ake saidawa, wannan kowa na sonsa. Tulin ne ba mai so, kuma gwamnatin Nijar ma tana da hannun jari a Cominak ta kamfaninta Sopamin don haka ba wanda zai ce ba ruwansa. In da za'a kira taron gari ka samu dama ka yi magana, tambaya uku zaka yi, nawa aka ajiye don kula da wurin bayan an gama kuma a asusun wa yake, wa zai riƙa auna rijiyoyi in kamfani ya tattara ya tafi, sannan ina taswirar gidaje da titunan da aka auna da waɗanda ba'a kai gare su ba.

In an zo an auna gidan, turo min lambar tare da abinda aka rubuta a gefenta, maikrosibat ne a awa ko bekerel wanda ake auna radon dashi, kuma ka tambaya a jikin ƙasa aka ɗora na'urar ko a tsayin ƙugu aka riƙe ta don bambancin yana da yawa, sai in duba maka. A gaida min yaya da iyali, Allah ya ƙara masa lafiya.